Kai mai hoto!

Ranar asabar da ta wuce ina wurin wani arme nan Tawa, unguwar Wadata, rana ta raba tsaka, kamera bisa kafaɗa gumi na bin baya, sai na ji wata tsohuwa daga cikin rumfa ta ɗaga murya, "Kai mai hoto! Zo ka ɗauke mu mana, tun ɗazu ka liƙe wurin ƴan mata." Na ce to Inna ga ni nan. Su 6 ne duk inifom guda, ɗaya ta ce in dakata ta gyara kallabi, ɗaya ta ce kada in kuskura in hiddo ta baƙa. Na ɗauke su, sunka sa mini albarka, na koma wurin ƴan matan don can ne uwar amarya ta biya ni in tsaya.

Cikin aljihuna kuwa akwai wani ɗan kati da na buga Yamai shekarun baya, ƙarƙashin sunana an rubuta réalisateur, scénariste, wato mai shirya fim, marubucin labarin fim. Guda 200 na buga. Har yau ban raba 40 ba, waɗanda na ba ma ina ji sakace sunka yi da shi.

Abin da ya sa nike wanga rubutu, wani ƙanena ɗan jami'ar Djibo Hamani ya turo mini saƙo wai shina son shi zama mai shirya fim mai zaman kanshi, kuma marubuci, in nuna mishi hanya. Na fara yi mishi bokal, na kai minti 9 ban hita daga gabatarwa ba, na goge. To ƙanena ga amsarka nan, wanda ya ga dama shi ma shi karanta.

Ni dai ba wata makarantar silima na yi ba. Gidan bidiyo ne lakwal ɗina ta farko, irin na zana da benci, a biya dala 5 a shiga, Indiya da rana karate da dare. Daga baya dandalin soyayya ya shigo daga Kano ya share kowa, nan ne wani abu ya fara cizona, ashe ana iya yin fim da Hausa, mutum shi yi kuka da Hausa shi mutu da Hausa cikin tele. Na faɗi brebe sau 2, Baba ya ce tunda boko ya ƙi ka sai ka bi ƴan uwanka Abijan, na ƙiya, na laɓe wurin wani mai studiyon hoto kusa da kasuwa ina share mishi shago. Kamerata ta farko irin mai ƙaramin kaset ce, wani ɗan kawuna ya zo da ita daga Libiya na biya shi kaɗan kaɗan har wata 7. Rubutu kuwa tun ina kolej nike cika kaye da labarai, da Hausar da babu wanda ya koya mini rubuta ta, ina sa "ou" wurin "u" ina sa "tch" wurin "c", yadda dai yawancinmu ke yi cikin waya har yanzu.

To ga abin kunyar. Duk wanga lokaci da nike mafarkin Kano, ina tara kuɗɗin mota in tahi in ga yadda ake yi, cikin garin nan namu akwai wani tsoho mai otal. Ana cewa ai tsohon nan ɗan silima ne, wasu ɗakunan ma ba baƙi ke kwana ciki ba, ƴan tsana ne da zane-zane da kayan aiki. Mu samari muna fada muna shan shayi sai mu yi dariya, tsoho da wasan ƴar tsana. Sau nawa na wuce ƙofar nan bisa kabu-kabu? Allah kaɗai ya sani. Ko sau ɗaya ban tsaya na yi sallama ba.

Moustapha Alassane ke nan. Sai da na je wata formasiyon Yamai anka kashe hitila anka sa muna fina-finanshi, sannan na san ƙofar wa na yi shekaru ina wucewa. Mutumin da tun 1962 ya yi Aouré, ƙasar ma shekararta 2 da samun ƴanci. Makanike ne asali kuma mai zane, Jean Rouch, Bafaranshen nan mai shirya fim, ya ja shi jiki nan Yamai, daga baya ya tahi Kanada wurin Norman McLaren gwanin zane mai motsi. Cikin 1966 ya yi Bon voyage Sim, kwaɗi ne zalla, shugaban ƙasar kwaɗi za shi ziyarar aiki, ga sojan kwaɗi na fareti ga jirgi, minti 5 kacal amma duk wanda ya taɓa tsayuwa cikin rana shina jiran wani babba shi sauka ya gane inda anka dosa. Yi lissahi ƙanena, silima hoto 24 ne kowane sakan, minti 5 hoto 7200 ke nan, ko da kowane zane sau 2 ka ɗauke shi sai ka zana dubbai, da hannu, ba ordinater.

Shekarar dai ya yi Le Retour d'un aventurier, kuma wanga ya hi taɓa ni don labarin gidanmu ne. Saurayi ya dawo daga tahiya da akwati cike da kayan kaboyi, malfa da takalma da bindigogi, ya raba ma abokanshi, sunka hau dawaki sunka bi gari da ɓarna, kowa ya canza suna ya zama ɗan Amurka. Zalika Souley na ciki, Djingarey Maïga na ciki. Duk Ba'adaren da ya taɓa tarbon ɗan biɗa tasha ya ga tabarau da rediyo da sabuwar tahiya da sabuwar Hausa, ba shi buƙatar a fassara mishi. Moustapha ya riƙe sashen silima na jami'ar Yamai shekara 15, sannan ya tattara ya zo Tawa ya zauna, otal na ciyar da shi shi kuma shina ciyar da kwaɗinshi.

Na dawo daga formasiyon ɗin da niyyar gobe-gobe zan je in gaishe shi. Kunya ta hana, mi zan ce mishi, ni da aikina ɗaukar masu rawa gaban makaɗa? Na ce bari in gama ɗan gajeren fim ɗina tukuna in je da abu a hannu. Ranar 17 ga Maris 2015 anka ce ya rasu Wagadugu. Allah shi jiƙanshi. Gajeren fim ɗin ma ban gama shi ba.

Cikin 2017 MoMA, babban gidan nuna ayyukan fasaha na New York, ya ware kwanaki ana nuna ayyukanshi. Oktoba 2024 anka cire sunan Jean Rouch daga CCFN, cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta Yamai, anka sa nashi, abin ya ɗan ba ni dariya don malam da almajiri ne anka yi ma canjin kujera, kuma shi Rouch ɗin ma nan jiharmu ajali ya same shi, hatsarin mota wajen Ƙonni cikin 2004. Amma je ka wurin masu tura fim cikin kart memwar bakin kasuwar Tawa ka ce a sa maka Moustapha Alassane. Za a tambaye ka, mawaƙi ne?

Yanzu kalmar nan taka, mai zaman kanshi. Da daɗin faɗi. Can Turai in an ce haka ana nuhin wanda ba shi ƙarƙashin manyan kamfanoni, nan ina manyan kamfanonin suke balle ka ƙi su? Kowa mai zaman kanshi ne, tilas ce ba zaɓi ba. Oumarou Ganda da kake jin sunanshi jikin CCOG, cibiyar al'adu ta Yamai, soja ya yi Indochine, ya yi dako tashar jirgin ruwan Abijan, kahin shi yi Cabascabo a nuna shi bikin fina-finai na Cannes, Faransa, cikin 1969, kuma shi ya fara ɗaukar Étalon de Yennenga, babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, cikin 1972. Tambayar gaskiya ita ce wa ke biyan fim ɗin. Ni tukwane 3 nike ci kuma kowace da irin ƙaurinta.

Ta biki ita na hi jin kunyarta, alhali ita ta hi tsabta. Arme, suna, tarbon alhazai, saukar karatu. Jikka 25, wani lokaci 40 in gidan masu hali ne, rabi kahin rabi bayan, kuma rabin bayan nan sai ka yi sawu. Amma biki ne ya koya mini kamera ba formasiyon ba. Wurin arme babu a sake, in amarya ta hito ta hito, in kakarta ta fashe da kuka ka makara to ka makara har abada. Nan na koyi karanta huska tun hawaye ba su zo ba, da sanin inda rana za ta faɗo, da tsayuwa inda ba ni tare ma kowa hanya.

Ta proje ta hi maiƙo kuma ita ta hi haɗari. Wata ONG ta kira ka ana son fim na faɗakarwa minti 13, wanke hannu, tamowa, kai yara awo, armen wuri. Kuɗɗin guda ya yi na biki 20. Sai dai labarin an gama shi biro tun ba a kira ka ba, akwai mai taurin kai, akwai malamar likita mai haƙuri, ƙarshe mai gari shi tara jama'a kowa shi gane kuskurenshi a tafa. Na yi irinsu sun hi 10, ban ce ba su da amfani ba, wata ƙila wani yaro ya rayu dalilinsu. Amma hannu na sabawa. Ranar da na zauna rubuta labari na kaina sai na ga duk wanda ya buɗe baki cikin labarin wa'azi shike, tsohuwa na magana kaman ta halarci atelye ta amshi perdiyam. Shekara guda na yi ina wanke alƙalamina daga wanga ciwo, har yanzu in na yi sake shina dawowa.

Ta ukun dosiye ce, neman tallahi waje, ita kuma sai na ba ka labarin fim ɗin da nike fama da shi shekara 8 ke nan.

Sani Magori ne ya buɗe mini ido, ɗan Galmi, noma ma ya karanta kahin shi shiga silima. Cikin 2008 ya yi Pour le meilleur et pour l'oignon, manomin albasa da armen ɗiyarshi ya rataya bisa abin da albasa za ta yi kasuwa. Shi ke nan labarin, albasar Galmi dai wadda muke ci kullum, kuma fim ɗin ya zagaya ƙasashe ya ciyo kyauta. Na ce ashe abin da nike nema Kano shina bakin ƙofarmu. Da ya hiddo Koukan Kourcia kuma, inda ya ɗauki tsohuwar zabiya ya kai ta har Abijan ta yi ma waɗanda waƙarta ta tura waje waƙar dawowa gida, gabana ya faɗi na ce ya riga ni. Daga baya na lura shi waɗanda sunka tahi ya bi. Ni waɗanda anka bari nike so. Garin kakannina can gabas da Tawa, in ka shiga cikin rani ba ka ganin namiji tsakanin ɗan shekara 15 da mai 50 sai liman da mushe da wanda ciwo ya kayar. Mata ke ɗibar ruwa, su ke gyaran darni, su ke kai mara lahiya likita, su ke jiran waya ta yi ƙara a ce je ki amshi saƙo. Innata haka ta yi shekara 20.

Na rubuta shi da Hausa cikin kaye, sannan na zauna juya shi Faransanci don babu asusun da ke karanta kaye. Synopsis wato taƙaitaccen labari, note d'intention, traitement wato labarin daki-daki, lissahin kuɗɗi, kuma dole sai da prodikter mai kamfani da takardu. Note d'intention ɗin nan ita ce shafi 2 da za ka bayyana ma wanda bai taɓa shan hura ba domi kai ne ya dace ka yi wanga fim. Wata 3 na yi ina gyara, wani mushen lise na duba mini kurakurai na biya shi da hoton sunan ɗanshi. Amsar da ta zo daga wani asusu na Turai mai ladabi ce ƙwarai, sun yaba, amma suna tambaya ko ba za a bi ɗaya cikin mazan ba ta Agadas, hamada, har bakin teku. Na gane abin da suke so, su tahiyar da ta dame su ita ce wadda ke ƙarewa ƙofar gidansu. Namu mazan Abijan suke zuwa da Lome da Kamaru da Libiya, su yi tallar shayi da gadi da turin baro, ruwa na faɗuwa su dawo su yi shibka, tun kaka da kakanni haka ake. Na ƙi canzawa su ma sunka ƙi biya, munka rabu lahiya. Ba ni cewa jarumta na yi. Watan nan kuɗɗin haya sun taru mini, da sun ƙara matsawa kaɗan wallahi ban san mi zan yi ba.

Sai na koma tukunyar biki. Arme 3, kwana 4 ƙauye, haka fim ɗin ya taso.

Kuma ka sani hoto ba shi ne wahala ba, yau waya mai kyau ma na hidda hoto. Sauti ke kashe mu. Mutane na yahe ma hoto mai duhu, ba su yahe ma maganar da ba su ji. Ka samu mace ta saki jiki bayan kwana 3 kana zaman tabarma, ta fara faɗin abin da ba ta taɓa faɗa ma kowa ba, daidai nan jaki zai buɗe baki, ko injin niƙa shi tashi, ko iskar hunturu ta bugi mikro kaman ana yage zane. Da safar ƙafa da gashin tunkiya na ɗinka ma mikro riga. Afrilu da Mayu kuwa kamera da kanta ke mutuwa don zahi, sai ka ɗauka daga hitowar rana zuwa ƙarhe 10, ka naɗe ta cikin rawani ka jira la'asar.

Ga maganar izni, ba takardar hukuma nike nuhi ba. Matar arme ba ta zama gaban kamera sai mijinta ya yarda, miji kuwa shina Abijan. A yi mishi bokal, a jira kwana 2 shi samu koneksiyon, shi ce sai an tambayi wanshi, wan shi ce nawa za a ba mu tunda nasaru za a saida ma. Wata na ɗauke ta wata 5, maganarta ta hi ta kowa, rana ɗaya miji ya turo bokal na sakan 11 ya ce a cire matarshi. Na cire. Wasu abokan aiki sun ce tunda ta dangwala hannu a takarda ina da hakki. Takarda! Ni zan koma Tawa in kwana, ita ce za ta zauna gidan.

Babbar asarar kuwa ni na ja ma kaina. Aikin shekara 2 duk cikin disk guda, ina ta cewa in an biya ni kuɗɗin wani proje zan sayi na biyu. Wata rana ina montaj, wato haɗa fim ɗin, ɗiyata ƙarama ta ja waya, disk ya faɗo daga tebur, tazarar ko kamu 2 ba ta kai ba. Na jona sai wani ɗan ƙara shike, ƙyas ƙyas ƙyas. Na kai shi Yamai, kilomita 500 da wani abu cikin kar ina rungume da shi kaman jariri, na aika shi Kano, kowa ya ce sai dai haƙuri. Cikin abin da ya tahi akwai wata tsohuwa, ƙanwar kakata, wadda ta zauna mini wuni guda tana lissafa shekarun da mijinta ya yi waje da tsakuwa, kowace tsakuwa damina guda da ta wuce ba shi gida, tana ajewa tana ba da labarin shekarar, wagga ce anka yi yunwa, wagga ce na haihi wane ya koma, wagga ce rumbu ya ƙone, har tsakuwa 17. Ban taɓa ɗaukar abu mai kyau kamanshi ba kuma na san ba ni ƙarawa. Ta rasu watanni kaɗan kahin disk ɗin shi faɗi. Kwana 3 ban yi ma kowa magana ba, uwar ɗiyana ta kai yarinyar gidansu don tana tsoron in huce bisa kanta, alhali mi yarinya ta sani.

Kaye ne ya hisshe ni. Ina da ɗabi'a in na dawo daga ɗauka da dare sai in rubuta abin da anka faɗa yadda na tuna shi, don in san inda zan nema lokacin montaj. Maganar tsohuwar na nan shafi 9 da bik shuɗi. Daga nan littahina ya hito, na zauna na maida shi labari, na buga guda 300 Yamai da kuɗɗina. Na saida 70 da ƴan kai, na yi kyauta da wajen 50, sauran na cikin kwali ƙarƙashin gado gara ta fara karatu. Laihin ba na mutane ba ne duka, waɗanda na rubuta dominsu yawancinsu ba su karanta boko, masu karantawa kuma da Faransanci anka koya musu, Hausa sai su riƙa tuntuɓe da ƙ da ɗ. Uwar ɗiyana ce ta ce kai da ba ka gajiya da surutu mi zai hana ka karanta musu da baki. Na riƙa karanta babi guda kowane dare cikin waya, minti 10, ina turawa wani gurup na WhatsApp. Wata bai cika ba sai ga saƙo daga Abijan, daga Duwala, daga Sabha, mutanen da ban sani ba suna cewa ina ci gaba, wani ya ce shi ya san tsohuwar nan, uwarshi ce sak. Ko dala ban samu ba. Amma lokacin ne na fara ce ma kaina marubuci ban ji kaman rigar wani na ara ba.

Wani abu kuma, harshe. Na taɓa gwada ɗan fim na wasa da samarin unguwa, yaran da kullum "mi ya faru" da "domi" ke bakinsu, ana cewa aksiyon sai baki shi juye Kano, "me ya sa ka yi min haka Yaya", yarinyar da ko Maraɗi ba ta taɓa zuwa ba. A tunaninsu haka Hausar fim take, tamu ta kasuwa ce da gona. Ba ni da wata gaba da Kano, sun yi abin da ba mu yi ba, sun gina kasuwa da kansu babu asusun kowa. Amma in Ba'adara za ta yi kuka cikin fim ɗina da Adaranci za ta yi shi. Cikin 2025 anka rubuta Hausa ce harshen ƙasa, na ji daɗi ba ƙarya, sai dai dosiyen da na cika bayan nan ma da Faransanci na cika shi.

Daga 2023 abubuwa sun ƙara tsukewa, lokacin takunkumin CEDEAO da Najeriya ta yanke kuran montaj sai tsakar dare in an kawo, proje da yawa sun naɗe tabarma. YouTube da kowa ke faɗi sai ka tara mabiya 1000 da awa 4000 na kallo kahin a fara maganar kuɗɗin talla, masu kallona kuwa mega kaɗan suke saye, ba su ƙona ta bisa fim da babu waƙa. Duk da haka ana yi, Aïcha Macky ta yi L'arbre sans fruit ta yi Zinder, Rahmatou Keïta ta yi Zin'naariyâ, fim na farko da Nijar ta aika gasar Oscar.

Sai yanzu da na kai 40 na gane otal ɗin nan. Da ina ganin kaman faɗuwa ce, mutumin da anka liƙa ma lambar girma Cannes cikin 2007 shi ƙare da miƙa ma baƙi makulli. Ni dai yau gani nike otal ɗin ne ya sa babu mai ce mishi kwaɗinka su bi ta Agadas. Nawa otal ɗin ita ce tsohuwar nan mai kira na daga rumfa.

Ranin da ya wuce na kai ma mutanen garin kakannina abin da na haɗa, minti 52, bai gama ba, launi bai daidaita ba, wani wuri sai ka kasa kunne sosai. Munka ɗaure farin zane jikin bangon lakwal, na aro projekter, munka yi hayar injin kuran munka ja shi bayan wani rumbu don kada shi ruhe magana. Bayan lisha gari ya taru har da na garin kusa bisa amalanke. Kallo na farko babu wanda ya ji ko kalma, huskar wata na hitowa sai guɗa da ihu, "ga wance! ke wance dubi bakinki!", yara na zagayawa baya su ga ko mutanen na can. Da ya ƙare mai gari ya ce a maida. Na ce mai ya kusa ƙarewa, wani ya zuƙo daga babur ɗinshi. Na biyun tsit, sai kukan jarirai. Wani yaro ya ɗaga waya sama tun farko har ƙarshe, ashe wanshi ke kallo daga Abijan, in hannu ya gaji shi canza hannu. Wurin da ya kamata tsohuwar ta hito, muryata ce ina karanta abin da ke cikin kaye, da hoton tsakuwa 17 da na jera da kaina bisa tabarma. Ban dubi kowa ba lokacin, ina can wurin inji wai ina duba mai.

Ina naɗe wayoyi wata cikin matan fim ɗin ta zo ta tsuguna gehe, na ce to yau zan ji abin da fim ya yi mata. Ta ce, "Mai hoto sannu da aiki. Ɗiyata za a yi ma arme in ubanta ya dawo, nawa za ka yi muna?" Na ce jikka 25 nike yi amma ke kawo 20. Ta ce 10. Munka tsaya 15, hura da wurin kwana nasu.

Uban ya dawo, an sa rana. In kana so ƙanena ka shirya mu tahi tare, ina buƙatar mai riƙe mini sandar mikro. Ka zo da hula, kuɗɗin mai ni ke biya.